Kwale-kwalen Injiniya Tasi'u

A duk faɗin Wudil babu wanda ya naɗa Tasi'u injiniya. Shi ya naɗa kansa, ranar wata Laraba a teburin mai shayi na bakin gada, bayan ya gyara wa wani direba tocila ta hanyar juya batir. Tun daga ranar, in ka kira shi Tasi'u tsurarsa sai ya yi kamar ba da shi kake ba. Sai ka ce Injiniya sannan zai waiwayo a hankali. Ainihin sana'arsa sayar da cajar waya ne a bakin tasha, amma shi a wajensa wannan ta wucin gadi ce, kafin ƙasa ta gane irin mutumin da take da shi.

Wata safiya suna shan shayi, abokinsa Gwadabe masunci yana ƙorafin kwale-kwalensa na katako ya fara yoyo, sai Tasi'u ya zaro waya ya miƙa masa. Bidiyo ne na wani Bature yana ƙera jirgin ruwa da alminiyam a bayan gidansa.

"Minti uku da sakan sha biyu," in ji Tasi'u. "Ku kuwa kuna nan kuna fama da katako tun zamanin kakanni."

"Ai gaggauta hoton aka yi, Injiniya."

"To a ce kwana uku. Ni a ba ni mako biyu, saboda matsalar wuta. Juma'a ta sama, ana saukowa daga masallaci, zan ƙetare kogin nan a jirgin da na ƙera da hannuna. Duk mai ido ya zo ya gani."

Gwadabe ya ajiye kofi. "Ka iya ruwa?"

"Mai jirgin alminiyam ina ruwansa da iya ruwa?"

Kafin azahar magana ta zagaye tasha, ta gangara bakin kogi, har masu soya kifi sun ji.

Kayan aiki kuwa Tasi'u bai sha wahalar nemansu ba. Yayansa Muhyiddeen, ma'aikacin gwamnati a Kano, ya sayo bandir biyu na kwanon rufi na alminiyam, shuɗi mai kauri, ya jingine a soron Tasi'u. Na ɗakin Innarsu ne, wanda rufinsa ya zama rariya, kuma an shirya kafinta zai zo ya buga kafin damina ta sauka. Tasi'u ya daɗe yana wuce kwanon nan safe da yamma, ranar ne ya ga ashe jirgi ne a jingine.

Matarsa Ikilima ta tarar da shi yana jan falle zuwa tsakar gida.

"Baban Yusra, kwanon Inna ne fa."

"Falle uku kacal zan ara. Kafinta ma ragowa yake yi."

"In ka yanka, da wace allura za ka ɗinke ka mayar?"

"Ke matsalarki ba ki da hangen nesa. Ranar da masuntan Wudil suka yi layi a ƙofar gidan nan, Inna bene zan gina mata."

"Ita dai yanzu rufi take nema," in ji Ikilima, ta koma kan tsintar shinkafarta.

Ya shiga kasuwa ya sayo giranda ta yankan ƙarfe da injin huda ƙarfe, mafi araha da ya samu, irin waɗanda ko sunan kamfanin da ke jikinsu an rubuta shi da kuskure. A hanyar dawowa ya biya ta rumfar Malam Labaran mai walda, maƙwabcinsa, dattijon da ya shekara talatin yana yankan ƙarfe kuma har yau yatsunsa goma cif. Ba shawara ya je nema ba, nuni ya je yi.

Malam Labaran ya jujjuya girandar, ya girgiza ta, wani abu ya yi kwaram-kwaram a ciki.

"Tasi'u, wannan faifan na baƙin ƙarfe ne. Alminiyam laushi gare shi, liƙewa yake yi a jikin faifai, ya yi zafi, ya tarwatse. Ka nemi nasa. Wannan murfin na gefe kuma kada ka kuskura ka cire shi, shi ne tsakaninka da asibiti. Ka sa tabarau na aiki. Ka daddanne kwanon da kyau kafin ka yanka. Kuma ban da babbar riga."

"Malam, Baturen nan da gajeren wando ya yi nasa."

"Ka ga fuskarsa a ƙarshen hoton?"

"Hannunsa kawai aka nuna."

"Ka ƙirga yatsun?"

Tasi'u ya yi dariyar manya, ya karɓi kayansa. A ransa ya ce tsofaffin nan tsoro ne ya hana su ci gaba.

Abu na farko da ya yi da ya isa gida shi ne kwance murfin nan, don yana tare masa ganin layi. Fulogin girandar bai shiga soket ba, sai ya yanke shi ya cusa wayoyin tsirara, ya tokare su da tsinken ashana. Ya take kwano da ƙafa ɗaya cikin silifa, ya yi bismilla da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji, ya danna.

Ƙarar da ta tashi sai da akuyar gidan ta tsinke igiya. Kwanon ya kama rawa a ƙarƙashin ƙafarsa, girandar tana son gabas shi yana son arewa. Bai yanka taƙi biyu ba wani ɗan ɓurɓushi ya yi tsalle ya shige masa idon hagu.

Ya saki komai ya dafe fuska yana zagaye tsakar gida. Malam Labaran, wanda dama yake zaune yana jiran ƙarar ta tsaya, ya shigo ko sallama bai gama ba, ya kama hannun Tasi'u ya riƙe.

"Kada ka murza. Hau babur."

A asibiti wata ma'aikaciya ta wanke idon, ta ciro abin, ta ce da ya ƙara gaba kaɗan da sai dai labari. Ta liƙa masa auduga da filasta. Da ya dawo teburin shayi da ido ɗaya, sai ya ce wa jama'a shi ya nemi a rufe, wai manyan injiniyoyi da ido ɗaya suke auna layi, kamar maharba.

Daga ranar ya yarda da tabarau, amma ba na aiki ba. Na Ikilima ya ɗauko, wanda take sawa in za ta biki, mai duwatsu masu ƙyalli a gefe. Da ido ɗaya a bayan baƙin gilashi ya ci gaba da yanka, kowane layi yana fita kamar hanyar maciji. In falle ya lalace sai ya jawo wani. Uku suka zama bakwai, bakwai suka zama sha biyar.

Rana ta huɗu faifan ya cika alƙawarin Malam Labaran. Ya yi wata ƙara, ya fashe uku. Guda ya wuce ta saman kunnen Tasi'u ya share masa hula. Guda ya tsinke igiyar shanya, kayan Ikilima suka zube a ƙasa. Na ukun ya nufi randar ruwan sha, ya yi mata ƙofa a ciki. Ruwa ya malalo har ƙarƙashin ƙafarsa.

Ikilima ta leƙo daga madafa, ta dubi randa, ta dubi mijinta.

"Ga kogi ya zo har gida. Sai ka gwada jirgin."

"Dama randar ta tsufa."

"Ta girme ka, kuma ba ta taɓa fasa kowa ba." Ta ɗauki Yusra ta goya, ta kai ta gidan Inna, ta ce yarinyar ba za ta dawo ba sai an gama yaƙi. Inna ta tambayi ƙarar me ake ta ji a gidan nasu, Ikilima ta ce ɗanki ne yake aikin gwamnati.

Rana ta shida yana tsakiyar yanka da sabon faifai aka ɗauke wuta. Ya yi tsaki, ya ajiye girandar a ƙasa yadda take, bai kashe ba. Ya yi wanka, ya zura jallabiyarsa fara, ya zauna kan tabarma yana cin ɗanwake yana yi wa Ikilima bayanin yadda zai buɗe reshe a Darki da Utai. Yana cikin lissafin ma'aikatan da zai ɗauka aka kawo wuta.

Girandar ta farka. Ta yi tsalle, ta dira, ta yanko tsakar gida da gudu tana tartsatsi a kan siminti. Kaji suka watse. Ta bi ta kan kwanon ɗanwake, ta yanke gefen tabarma, ta kama bakin jallabiyar Tasi'u ta fara naɗewa. Shi kuwa bai tsaya shawara ba, ya fice daga cikin rigar ta sama kamar kifi daga koma, ya ɗare kan turmi daga shi sai gajeren wando, yana kiran sunayen Allah waɗanda ya sani da waɗanda ya ƙirƙira.

Ikilima ta zagaya ta bayan madafa, ta kashe makunnin soket ɗin da muciya. Gida ya yi tsit. A saman katanga kawunan matan maƙwabta uku ne a jere.

"Gwaji nake yi," in ji Tasi'u daga kan turmi. "Ina auna ƙarfin injin."

"Ya ci jarrabawa," in ji ɗaya daga cikin matan. "Saura kai."

Da aka zo haɗa jiki, sai wata matsalar ta ɓullo. Yakan huda falle na sama, ya huda na ƙasa, in ya haɗa sai ramukan su ƙi gaisawa. Sai ya sake huda wasu. Kowace ƙusa ɗaya da ta shiga, akwai ramuka huɗu a gefenta suna kallonta. Da ya ɗaga jirgin ya duba ta rana, haske ya yi ta zubowa ɗigo-ɗigo a fuskarsa.

Malam Labaran ya leƙo ya gani.

"Tasi'u, wannan in taliya za a tace, ya yi."

"Za a toshe, Malam."

"Da me? Alminiyam waldarsa daban ce, ni kaina ba ni da injinta. Kuma bakin nan ka goge shi, kaifinsa ya fi aska."

Tasi'u ya ce yana da dabara. Dabarar ita ce sabulun wanki. Ya sayo sanda shida, ya bi kowane rami ya cusa ya shafe da babban yatsa, ya bi da fenti shuɗi a kai. Da ya bushe, wallahi in ka tsaya daga nesa, kuma ba ka taɓa ganin jirgi ba, sai ka ce jirgi ne. A gefe ya rubuta da farin fenti: INJINIYA 1. A soro kuwa, cikin bandir biyu, falle huɗu suka rage.

Ranar Juma'a da sassafe aka gano jirgin ya fi ƙofar gida faɗi. Ta kan katanga aka fitar da shi, ya tafi da bulo biyu. Aka ɗora a kura aka kai bakin kogi, Tasi'u ya sa aka ajiye shi a fili inda kowa zai gani, ya sha rana har awa shida. Ikilima kuwa ta aika wa Gwadabe saƙo a ɓoye: don girman Allah ya bi mijinta a baya da nasa kwale-kwalen, uban 'yarta ne, ko yaya yake.

Ana saukowa daga masallaci bakin kogi ya cika. Ranar kasuwa ce, har fataken shanu sun baro kara sun zo kallo. Mutane sun jeru a kan gada, wayoyi a sama. Tasi'u ya iso cikin shadda ruwan madara da tabaran biki, filasta a ido, ya yi jawabi na minti goma a kan makomar sufurin ruwa a Afirka. Malam Labaran ya miƙo masa jarkoki biyu a ɗaure da igiya, ya ce ya rataya a ƙirji.

"Malam, kada ka kunyata ni a gaban jama'a."

"Wannan aikin ba ka bar wa kowa ba."

Aka tura jirgi bakin ruwa. Tasi'u ya ɗaga ƙafa zai shiga, kaifin bakin kwanon ya kama wandonsa ya tsarge shi daga gwiwa har ƙugu. Ya yi kamar bai ji ba. Ya zauna.

Alminiyam ɗin da ya wuni a ranar Wudil ya karɓe shi ta inda wandon ya buɗe. Idonsa mai lafiya ya firfito, jijiyar wuyansa ta miƙe. Amma mutum ɗari biyar suna kallo, don haka ya danne, ya ɗaga hannu yana murmushi da haƙora duka a waje, yana ɗan ɗaga gefe ɗaya yana sauke ɗaya kamar mai juya waina.

Abin mamaki, jirgin ya tashi. Ya yi taku biyar a kan ruwa, ya yi goma. Wasu a kan gada har sun fara tafi. Tasi'u ya manta da zafi, ya waiwayo wajen Gwadabe da ke biye da shi a hankali.

"Ka gani? Gobe ka kawo naka a yi wutar suya da shi."

"Injiniya, mene ne wannan fari-farin a bayanka?"

Kumfa ce. Ta fara tsattsafowa ta gefe, siririya, sai ta yi kauri. Kowane bugun filafili yana ƙara kaɗa ta. Kan ka ce wani abu jirgin ya zama kamar bahon wanki, kumfa ta rufe masa ƙafa ta hau cinya, ruwa yana tsartuwa ta ramuka fiye da ɗari kamar bututun ban ruwan lambu. Wata mai soya kifi ta ɗaga murya ta ce a miƙo mata zannuwanta, kada sabulu ya tafi a banza.

Tasi'u ya toshe rami ɗaya da yatsa, wani da diddige, ya cire hula yana kwalfa. INJINIYA 1 ya karkata hagu saboda tun asali hagun ya fi tsawo, ya yi wani ɗan juyi na ban kwana, ya nutse a hankali ya bar kumfa da tabaran Ikilima suna yawo a sama.

Nan fa Injiniya ya ajiye muƙami. Ya kama dukan ruwa da hannu bibbiyu yana kiran Gwadabe, yana kiran Inna, yana yafe wa duk wanda ya taɓa yi masa laifi, yana cewa a gaya wa Ikilima ta riƙe Yusra amana.

Gwadabe ya matso da kwale-kwalensa, ya dafa filafili, ya dube shi.

"Tasi'u, miƙe tsaye."

"Ina mutuwa, Gwadabe!"

"Na ji. Miƙe tsaye tukuna."

Ya miƙe. Ruwan iya cibiyarsa ne.

Dariyar da aka yi a kan gada sai da direbobi suka tsaya tambayar ko lafiya. Cikin motocin da suka tsaya har da ta Yaya Muhyiddeen, wanda ya taso daga Kano tare da Yahuza kafinta don a fara aikin rufi da safe. Ya gangaro daidai lokacin da masunta suke jawo jirgin zuwa gaɓa. Ya tsaya ya dubi launin kwanon. Ya sunkuya ya leƙa ta wani rami, ya hango ƙaninsa ta ciki, yana tsaye yana ɗigar ruwa, hannu ɗaya riƙe da wando.

"Sannu da zuwa, Yaya. Ya hanya? Ya mutanen gida?"

"Lafiya lau. Falle nawa suka rage?"

"Yaya, in aka duba abin ta fuskar bincike..."

"Nawa?"

"Huɗu."

Muhyiddeen mutum ne mai sanyin magana, bai ɗaga murya ba. Ya juya wajen kafinta. "Malam Yahuza, rufin ɗakin Tasi'u shekararsa biyu, ko? Lafiyarsa ƙalau. Gobe a kwance shi a buga wa Inna. Wannan kuma a warware a miƙar a buga masa a nasa. Tunda shi ya ƙera, shi ya san sirrinsa."

Haka aka yi. Malam Labaran ya karɓe girandar ya kulle a akwatinsa, ya ce sai ranar da Tasi'u ya iya karanto masa sharuɗɗa biyar ɗin nan da ka, kuma sanye da tabarau na gaskiya.

Bayan kwana tara ruwan farko ya sauka, da la'asar sakaliya. Inna tana ɗakinta a bushe tana jin daɗin ƙarar sabon rufi. A ɗakin Tasi'u kuwa an jera duk wani abu mai baki a gidan: bahuna, tukwane, kofuna, har da murfin fulas. Shi yana tsugune a kan gado da lema a hannu, yana bin ɗigon da ido.

"Maman Yusra," ya ce, "kin lura kuwa? Duk unguwar nan mu kaɗai ne ruwa yake iske mu har ɗaki. Mutane suna biyan kuɗi a ja musu famfo. In na ɗan gyara tsarin nan, na haɗa da bututu..."

Ikilima ta karɓe lemar daga hannunsa, ta miƙa masa bokiti, ta goya Yusra.

"Mu mun tafi ɗakin Inna. In ruwa ya kawo maka cibiya, ka miƙe tsaye."